Katafilar da Ba Ta Juyawa Dama

Kowace safiya, kafin ya kurkure baki, Hantuba yakan taka zuwa gindin kalgon da ke bayan rumbunsa, ya ɗage gwangwanin madarar da ya kifa a bakin bututun hayaƙin katafila, ya leƙa ciki kamar mai duba kaza a kan ƙwai, ya mayar. Daga nan sai ya zura ƙarfe ya murza injin rabin juyi, don kada ya daɗe a wuri ɗaya ya daskare. Shekara tara yana haka. A cikin shekara taran nan katafilar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Wanda ya gaishe shi a wannan lokaci ba ya samun amsa, wanda kuma ya wuce bai gaishe shi ba zai ji saƙo kafin rana ta take.

Mutumin Simwaba ne, gabas da Monze. Da ƙuruciya ya shiga aiki a gonar wani Bature da ma'aikata ke kira Jan Wuya. Da shafa giris ya fara, har ya zama shi ke hawa kujerar. Ranar da Jan Wuya ya tattara zai bar ƙasar, wasu suka samu keke, wasu bargo, Hantuba kuwa aka nuna masa katafilar aka ce ga sallamarsa. Kwana uku ya yi yana tuƙo ta gida, sarƙoƙinta suna tone hanya, masu amalanke suna zaginsa a baya, shi ko waiwaye.

Shekara ashirin ya yi yana haƙa wa mutane madatsar ruwa, ana biyansa da shanu. Babu madatsar da ke tsakanin nan da kogi wadda ba ta da rigimarta. Ya taɓa sauka daga kujera da rana tsaka ya tafi gida don an kawo masa tuwon masara mai gudaji. Ya taɓa mayar da ƙasa cikin ramin da ya gama haƙawa, saboda saniyar da aka ba shi tana da hakiya a ido ɗaya. Har gobe shanun mutane suna shan ruwa a ramukansa, masu shanun kuma ba sa ambatonsa sai sun fara tsaki.

A wajenmu ɗa ba ya gadon uba. Ɗan 'yar'uwa ke gado. Hantuba bai taɓa ganin aibun wannan ba. Da kawunsa ya rasu, shi da kansa ya buɗe garke ya koro shanu goma sha bakwai, 'ya'yan mamacin suna tsaye a ƙofar ɗaki suna kallo, kuma ba a ji ya ce abin ya hana shi barci ba.

Sai ciwon shanun da ake kira denkete ya shigo ya share garkunan ƙasar, nasa ma bai bar masa ko ɗan maraƙi ba. A daminar da ta biyo baya katafilar ta tsaya a gindin kalgo, babu mai shanun da zai biya aiki, babu kuma abin sayen mai. Matarsa ta rasu. Ya rage shi da 'yarsa ɗaya tak, Mainza, wadda ke aure a ƙetaren kogi.

Ita ma mijinta ya rasu. Bayan an share makoki dangin mijin suka zo da amalanke biyu. Mainza ta dawo Simwaba a ƙafa, da tukunya ɗaya a kai, tabarma a hammata, 'ya'yanta mata biyu a bayanta.

Hantuba yana zaune a kan turmi ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ina sauran kayan?"

"Sun kwashe, Baba."

"Gadon kwana fa? Ni na saya."

"Har ƙofar ɗaki suka cire."

"Kina tsaye? Wawiya. Uwarki da ta cije wani a kunne."

Ya yanka mata gonar da ke ƙetaren suri, wadda ta miƙe har bakin titi, aka kafa mata ɗaki a can. Amma washegari an ga ya daɗe a gindin kalgo fiye da yadda ya saba. Bayan mako guda sai ga allo a bakin titi, an rubuta da baƙin mai: ANA SAYAR DA KATAFILA. TANA BUƘATAR GYARA KAƊAN.

Allon bai kwana uku ba Micelo ya iso. Ɗan ƙanwar Hantuba ne, mai sayar da gwanjo a kasuwar Monze, mutum mai tumbi da kwat ko da zafi. Shi ne magajin. Tun yana yaro yake kiran katafilar "ƙarfenmu".

Ya durƙusa ya tafa hannu yadda ake gaida manya.

"Kawu, an wuni lafiya?"

"Da lafiya nake kafin ka shigo."

"Na ga wani allo a hanya. Na ce ko yara ne suke wasa."

"Ungulu ma ta iya karatu yanzu?"

Micelo ya yi dariya, ya gyara zama. "Kawu, ai abin dangi ba a kai shi kasuwa sai an zauna. Mu ba gaggawa muke ba. Ka bar ta a inda take. In lokaci ya yi za mu san yadda za mu yi da ita."

"Wane lokaci?"

"Lokaci dai."

"Faɗi mana. Bakinka ya yi nauyi? Ranar da za ku ci naman makokina kake nufi. To, ban mutu ba. Uwarka ce ta shafa mata giris, ko kai? Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Micelo ya tashi yana kakkaɓe gwiwa. Ya bi ta gindin kalgo, ya ɗan bubbuga sarƙar da tsinin takalmi, ya ce wa Mainza da ke tsaye da bokiti, "'Yar kawu, ki riƙa ba tsohon nan nono da yawa. Muna son ya daɗe."

"Ku da kuke son mutane su daɗe," in ji ta, "na ga irin son naku a ƙetaren kogi."

Masu saye suka fara zuwa, kuma yawancinsu Micelo ne ya nuna musu hanya. 'Yan gwangwan ne, masu yawo da tulun gas suna yanka tsofaffin injuna suna sayarwa a kan sikeli. Na farko ko kujerar bai kalla ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tambayi nauyinta.

"Nauyinta?" in ji Hantuba. "Masara ce?"

"Baba, wannan ai ta mutu tun kafin a haife ni. Mu gawa muke saya."

"To je ka sayi ta ubanka."

Na biyu ya ce zai ɗauki inji kawai ya bar gangar jiki. Na uku ya yi kuskuren ɗora ƙafa a kan sarƙa yana magana, sai da ya bar hularsa a wurin. Damina ta wuce, rubutun allon ya zuba, Hantuba ya sake rubutawa. Tarin da yake yi da asuba ya fara kaiwa har gonar Mainza.

Cikin rani sai ga wani mutum a kan babur, gajere, mai furfura a gemu. Ya ce sunansa Sinyangwe, daga arewa ya zo, yana haƙa wa ƙungiyoyin manoma madatsai a wajen Choma. Bai taɓa komai ba sai da ya nemi izini. Sannan ya cire riga ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashinta. Ya laluba haɗin sarƙar da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro sandar mai ya shinshina. Ya sa ƙarfe ya murza injin, ya ji ya juya, ya ɗago kai ya dubi tsohon.

"Wa yake juya ta?"

"Aljanu."

"Aljanun sun san aikinsu. Baba, allonka ya ce gyara kaɗan. Sarƙar nan ta saki kamar haƙoran tsohuwa."

"Tsohuwar ta haƙa ramin da ya fi garinku girma. In ba ka saya, ga hanya."

"Ina saya. Amma ba ni da abin ɗaga ta. Ranar Juma'a ta sama zan kawo babbar mota bakin titi, in jingina ta da tudun nan. In ta tako da ƙafarta ta hau, kuɗin inji zan biya, kuma zai sayi shanu ba biyu ba, ba uku ba. In ba ta tako ba, ka nemi masu sikeli. Ba na kwana, washegari Asabar ce, ranar ibadar direbana, ba ya taɓa sitiyari."

"Kai dai ka zo da motarka. Ka kuma zo da kuɗi, ba surutu ba."

Da yamma Hantuba ya aika aka kira mai gari da dattawa biyu, aka kira Micelo. Aka zauna a tsakar gida, Mainza ta kawo cibwantu, kunun masara mai tsami, a ƙwarya ta koma gefe ta zauna a ƙasa.

"Ku ji da kunnenku," in ji Hantuba. "Katafilar nan na ba Mainza. Ita za ta sayar, ita za ta karɓa."

Mai gari ya sha cibwantu, ya goge baki. Akwai tsohuwar magana tsakaninsa da Hantuba a kan wata madatsa.

"Me ya sa ba za ka sayar da kanka ka miƙa mata kuɗin ba?"

"Kuɗi ba su da kunnen da za a tsaga a ce na wane ne. Ina rufe ido waɗannan za su ce ajiya na ba ta." Ya nuna Micelo da haɓa.

"To. Amma ka san baki ba ya kyauta. Saniyar da uba ya ba ɗansa, sai ta fita daga garkensa ta kwana a na ɗan, yana da rai, mutane suna gani. In ta tsallake suri ta shiga gonar Mainza, tata ce, babu mai magana. In ba ta tsallake ba, ta gida ce. Kai ka fi kowa sanin wannan, Hantuba. Kawunka ma ya yi irin wannan kyautar da baki."

Babu wanda ya kalli wani. Micelo ne kawai ya ce, "Ni na yarda. In ta tashi ta yi tafiya, har rakiya zan yi mata."

Daga gindin kalgo zuwa suri taku ɗari biyu ne da 'yan kai.

Washegari Hantuba ya tura kekensa Monze ya sayar, ya dawo a ƙafa, da jarkar man gas a kai da kwalbar fetur a aljihu. Irin waɗannan tsofaffin katafilu ba su da makulli. Inji biyu gare su: ƙarami mai shan fetur, wanda ake ja da igiya, da babba mai shan gas, wanda ba ya tashi sai ƙaramin ya juya shi ya ɗumama shi. Hantuba yana kiransu ɗa da uwa. Ya kwance ɗan akwatin da ke ba ƙaramin wuta, ya shanya shi a kan rufin kwano kwana uku, ya kankare bakinsa da tsinken farce. Ya wanke tanki, ya fitar da gidan zanzaro daga inda iska ke shiga.

Bai kira Mainza ba. Ita ta zo da kanta ta tsaya.

"Me kike kallo? Miƙo sifana."

"Wacce?"

"Wadda na ce! Kai, da namiji na haifa."

"Da namiji ka haifa da yana Lusaka yana jiran labari. Ga ta."

Haka suka yi kwana takwas, yana zagi tana ramawa. A cikin zagin ya nuna mata inda ake buɗe fetur da inda ake rufewa, yadda ake sakin numfashin uwar kafin ɗan ya kama ta, da irin ƙarar da za ta ji kafin ta ba ta gas. Bai ce koya mata yake ba. Ita ma ba ta ce tana koyo ba.

Ranar Laraba da hantsi mutane suka taru, amma daga nesa, a inuwar rumbu da bakin shinge. Micelo ya zo da kujerarsa ta ninkewa.

Hantuba ya naɗa igiya ya ja. Shiru. Ya sake. A ja na bakwai ya tsaya ya dafa ƙarfe yana haki, wani daga cikin taron ya ce, "A kawo wa tsoho tabarma." A na tara ɗan ya yi atishawa, ya yi tari, ya kama kuka kamar ana yayyaga kwano. Hantuba ya bar shi ya yi zafi, ya ja sandar da ke haɗa shi da uwa. Uwar ta fara juyi a hankali, da nishi. Ya jira. Ya jira har mutane suka fara gunaguni. Sannan ya ɗaga wa Mainza yatsa, ta tura sandar gas. Baƙin hayaƙi ya tashi ya shige cikin kalgo, busassun ganye da tsuntsaye suka watse tare, ƙasa ta ɗauki rawa har cikin ƙirjin mutane. Tsofaffin matan da suka san wannan ƙara tun suna amare suka rufe baki da hannu.

Ya hau kujera. Katafila ba ta da sitiyari, sanda biyu ne a gaban mai tuƙi: ka ja ta hagu, sarƙar hagu ta tsaya, ta juya hagu, ka ja ta dama, ta juya dama. Hancinta yana kallon rumbu, surin kuwa yana hannun dama. Hantuba ya ja sandar dama. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya taka da ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka fito. Shekara tara na tsatsa sun manne ta daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an ɗaga rabin injin.

Micelo ya gane kafin kowa. Ya tashi tsaye yana tafi.

"Jama'a, ba ta juyawa dama! Halin mai ita ta ɗauko! Kawu, bi hagu, hagu ma hanya ce, kwazazzabo na jiranka!"

Aka yi dariya. Hantuba ya tofa yawu ta gefe, ya sa giyar baya. Ya ja sandar hagu ya danne birkinta. Sarƙar hagu ta kafe, ta dama ta ja da baya, hancin katafilar ya shiga karkatowa a hankali, yana barin rumbu, yana barin shinge, har ya daidaita da suri. Dariyar ta mutu.

"In kana son dama, koma baya," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Uwarka ba ta gaya maka ba?"

Ta tafi. Sarƙoƙin suna ƙara, suna tofar da tsatsa da busasshiyar laka, tana barin sawu biyu a tsakar gonar. Mutane suka bi ta a baya ba tare da sun yi niyya ba. Mainza tana tafiya a gefe da kwalbar fetur a hannu.

Tsakanin suri da tsohon ɓaure akwai 'yar ƙofa, kuma sai an ƙara karkatawa dama kaɗan kafin a shige. Hantuba ya sake komawa baya ya gyara, ya miƙe. Hanci ya wuce. Kujera ta zo daidai da suri. A nan ƙasar ta karkace, gindin surin ya ɗaga ɓangare ɗaya, sai aka ji ƙara kamar an karya ƙashi. Sarƙar dama ta zame daga kan haƙoranta ta kwanta a gefe.

Ya kashe inji. Ya sauko ya auna da ƙafarsa daga gindin katafilar zuwa iyaka. Taku huɗu.

Sarƙar da ta sauka ba ta komawa sai an raba ta. Akwai babbar ƙusa guda, kaurin wuyan hannu, wadda ke riƙe da bakin sarƙar biyu. Sai an fitar da ita da guduma, a shimfiɗa sarƙar, a ɗora ta a kan haƙora, a jawo bakunan su haɗu, a sake buga ƙusar. Aikin maza huɗu ne. Hantuba bai nemi kowa ba, kuma taron ya watse da kansa.

Mainza ce ta bi gidaje da la'asar. Wani ya ce bayansa na ciwo. Wani ya ce ta tambayi ubanta ko ya tuna saniya mai hakiya. Wani ya ce shi dangin Micelo ne ta wajen uwa, ba ya so a gan shi. Ta dawo ita kaɗai. Ta tarar ya riga ya fitar da ƙusar, yana zaune a ƙasa, guduma a tsakanin ƙafafunsa, leɓensa ya yi fari.

"Wa ya aike ki roƙo?"

"Ba wanda ya zo ai. Hankalinka ya kwanta."

Ranar Alhamis tun da sassafe suka kama. Da jak da ƙarfe da igiyar shanu suka ja sarƙar taƙi bayan taƙi. Fatar hannun Mainza ta saɓule, ta naɗe da tsumma. Rana ta yi tsaka kafin su hau da ita kan haƙora, ta karkata kafin bakunan su haɗu. Ta zura ƙarfe ta danne don ramukan su daidaita, shi kuma ya saita ƙusar ya ɗaga guduma. Bugu goma, ya huta. Bugu shida, ya huta. Ƙusar tana shiga kamar ba ta so.

Micelo yana nan tun azahar a kan kujerarsa, a inuwar ɓaure. Da farko yana jefa magana. Daga baya ya daina. Yana kallon yadda gudumar ke kaucewa, da yadda tsohon ke riƙe ƙirji tsakanin bugu da bugu. Can sai ya tashi, ya cire kwat ɗinsa ya rataye a reshe, ya naɗe hannun riga, ya zo ya tsaya.

"Kawu, kawo."

Hantuba bai ɗago ba.

"Kawo gudumar. Bugu biyar ne ya rage. Kada ka faɗi a nan a ce muna kallo."

"Baba, ba shi," in ji Mainza.

"Don ya karkatar da ita? Don ya fasa mini bakin sarƙa ya ce kuskure ne?"

"Baba, ina riƙe da ƙarfen, ina gani. Ba shi."

"Na san irinsu. Na san abin da ke cikin ɗan 'yar'uwa in ya ga garke." Ya ɗago jajayen idanu ya dubi Micelo. "Hannunka ba zai taɓa ta ba ina numfashi. Koma ka zauna ka jira, ai jira ka iya."

Micelo ya tsaya jim kaɗan da hannu a miƙe. Sannan ya sauke hannun riga, ya ɗauki kwat da kujera, ya tafi bai waiwayo ba. Har yau a Simwaba ana gardama a kan abin da ke ransa a wannan rana. Shi bai taɓa faɗa ba.

Hantuba ya ɗaga guduma ya buga sau biyu. A na uku gudumar ce ta ja shi. Ya durƙusa, ya jingina goshi da sarƙar, ya ce wa Mainza kada ta saki ƙarfen. Ta saki.

A amalanken jaki aka kai shi asibitin mishan. Da gari ya waye ya tambaya ko yau Juma'a ce, aka ce masa eh. Ya ce a miƙo masa takalmansa. Kafin a gama gardama da shi ya cika. A daidai wannan lokaci babbar motar Sinyangwe tana jingine da tudu a bakin titi. Ta jira har rana ta karkata, direban ya yi hon sau uku, suka tafi.

Bayan makoki mai gari ya zo da dattawa da igiya. Ba su daɗe ba. Ya ce saniyar da kanta ya fita, wutsiyarta na cikin garke, ta garke ce. Katafila ta Micelo ce. Mainza ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta tambaya kawai ko gonar da ke ƙetaren suri tata ce, aka ce tata ce, tun yana da rai ta shiga.

Micelo ya nemo Sinyangwe. Sinyangwe ya ce maganarsa tana nan, in ta tako ta hau zai biya. Aka kawo makaniki daga Monze, ya ja igiya wuni guda, ya ƙone hannu, ya ce bai taɓa ganin injin da ake tashi da wani injin ba. Sai Micelo ya je ƙofar Mainza, ya durƙusa ya tafa hannu.

"'Yar kawu, ke kin san yadda ake tashinta. Mu raba. Rabi naki."

"Ni? Ni mace ce, sifana kawai nake miƙawa."

"Ki yi wa Allah. Kin ga dai na miƙa hannu rannan."

"Na gani. Shekara nawa ka yi kafin ka miƙa?"

"To ki bar masu gas su shigo da mota ta gonarki su yanka ta."

"Gonata ba hanya ba ce. Ku bi hagu. Hagu ma hanya ce."

Ta baya kwazazzabo ne, mota ba ta ƙetarewa, kuma 'yan gwangwan sun ce ba za su ɗauki ƙarfe a ka ba. A wannan damina Mainza ta dasa ƙaya tun daga suri har bakin titi. Ba ta samu shanun ba. Tana noma da fartanya, ita da 'ya'yanta, kuma in sun zo daidai hancin katafilar sai su kewaye.

Tana nan tsakanin suri da ɓaure, gaba a gonar 'ya, baya a gonar dangi. Sarƙar dama tana kan haƙoranta, bakunan a haɗe. Ƙusar ta shiga, saura kamar yatsa uku a waje, kanta ya baje inda guduma ta yi ta sauka.